Neman Hotunan Gina Samfurin Kumbo da Dandalin Harba Shi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa. Yaro ba ya fara fere kara sai ya je tasha ya ƙare wa motar kallo, ya ga inda ƙofa take da inda aka rataya safaya. Samfuri, wato ƙaramar siffar abu wadda aka rage girmanta bisa lissafi, ci gaban wannan wasa ne. Sai dai mai son gina samfurin kumbo ba shi da tashar da zai je ya yi kallo. Hoto ne idonsa, hoto ne kuma magwajinsa. Wannan maƙala za ta duba yadda ɗalibi zai nemi irin waɗannan hotuna, tare da ɗaukar taurarin ɗan'adam na Nijeriya a matsayin misali.

Matsalar farko daga harshe take

Kalmar "kumbo" a bakin Bahaushe jaka ce mai faɗi. Da ita ake kiran rokar da ke tashi da wuta a gindi, da ita ake kiran ɗakin da 'yan sama jannati ke zama, wani lokaci har tauraron ɗan'adam ma kumbo ake ce masa. A hira wannan ba laifi ba ne, amma mai neman hoto dole ya rarrabe. Roka ita ce abin hawa, tauraron ɗan'adam shi ne kayan da ta ɗauko a cikin hular da ke ƙololuwarta, dandalin harbawa kuma shi ne tashar. Kowanne da sunansa, kowanne da inda ake samun hotonsa.

Rashin wannan rarrabewa ne ke sa mutum ya ɗauko hoton Saturn V, rokar da ta kai Amurkawa duniyar wata a 1969, ya gina ta, sannan ya manna mata tutar Nijeriya ya rubuta NigeriaSat a jiki. Aikin zai yi kyau a ido, amma duk ɗan makarantar da ya kalla ya tafi gida da labarin abin da bai taɓa faruwa ba.

Abuja tana da hukuma, ba ta da dandali

Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, an kafa ta a 1999, kuma hedikwatarta tana Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo da ke Lugbe, kan hanyar filin jirgin sama na Abuja. Kamfanin NIGCOMSAT mai kula da tauraron sadarwa shi ma a wannan yanki yake. Abin da ke Abuja shi ne ofisoshi da tashoshin ƙasa masu manyan faifan karɓar saƙo. Babu tauraron Nijeriya ko ɗaya da aka harba daga ƙasar Nijeriya. Saboda haka tambayar farko ita ce: wane tauraro, kuma daga ina ya tashi?

NigeriaSat-1, wanda kamfanin SSTL na Surrey a Ingila ya ƙera, ya tashi a watan Satumba 2003 daga Plesetsk a arewacin Rasha, a kan roka Kosmos-3M, siririya mai tsawon kimanin mita 32. NigComSat-1 ya tashi a watan Mayu 2007 daga Xichang a lardin Sichuan na ƙasar Sin, a kan Long March 3B; ya lalace a Nuwamba 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011 daga wuri ɗaya. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X kuwa, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa a Surrey, sun tashi tare a Agusta 2011 daga Yasny a Rasha.

Wannan na ƙarshe yana da abin mamaki. Rokar da ta ɗauke su, Dnepr, asalinta makami mai linzami ce ta zamanin Tarayyar Sobiyet da aka mayar ta abin dako. Daga cikin wani rami mai zurfi kamar rijiya ake cilla ta sama, sai ta fito sarari sannan injinta ya kama. Ke nan wanda ya kwana yana neman hoton hasumiyar da aka harba NigeriaSat-2 yana neman jaki mai ƙaho ne. Samfurinsa bakin rami ne da murfi da fili.

Mai son roka da hasumiya a tsaye, Xichang ce tasa. Long March 3B da ta ɗauki NigComSat tana da tsawon kimanin mita 56, kaurin gangar jikinta mita 3.35, da ƙananan rokoki huɗu a ɗaure a gindinta. A dandalin akwai hasumiya mai tsayawa wuri ɗaya, akwai kuma wata babba mai tafiya a kan dogo, wadda ke rufe rokar lokacin shiri, a janye ta kafin harbi. Dole mai gini ya zaɓi lokacin da yake son nunawa, domin hoton kwana uku kafin harbi da na daren harbi ba su nuna abu ɗaya ba.

Ba kowane hoto ba ne magwaji

Hoton da jaridu suka fi so, wato roka tana tashi cikin wuta da hayaƙi, shi ne mafi ƙarancin amfani. Hayaƙi ya rufe gindin hasumiya, haske ya cinye launi. Daɗin daɗawa, NigComSat-1 da NigComSat-1R duk da tsakar dare aka harba su a agogon ƙasar Sin. Dabarar ita ce a nemi hotunan rana na wasu rokokin irin wannan a dandalin, a ɗauki siffa da launi daga can, sannan a koma hoton ainihin harbin don ganin tambarin da ke jikin hular, tunda shi yana sauyawa daga harbi zuwa harbi. Wajen nema a intanet, a gwada sunan da 'yan Sin ke taƙaita rokar da shi, CZ-3B, sau da yawa yakan fito da abin da ɗaya sunan bai fito da shi ba.

Sai batun kusurwa. Wanda ya tsaya a gindin hasumiyar masallaci ya ɗaga kyamara zai ga samanta ya tsuke, ƙasanta ya buɗe. Haka hoton roka yake in an ɗauka daga kusa. Hoton awo shi ne wanda aka ɗauka daga nesa, daidai gefe, rokar tana tsaye kyam. Idan an samu irinsa, sai a buga a takarda a ɗauko rula. A ce kaurin gangar ya ba da santimita 2 a takarda; tunda an san mita 3.35 ne, kowace santimita ɗaya a hoton ta tsaya a madadin kusan mita 1.7. Wani ƙarfe da ya ba da santimita 6, mita 10 ke nan. In ma'aunin samfurin ɗaya bisa ɗari ne, sai a yanka shi santimita 10, rokar gaba ɗaya ta tashi santimita 56, ɗan mutum-mutumin ma'aikaci kuma kada ya kai santimita 2. Shimfiɗar dandalin kuwa, da hanyar dogo da ramin da wuta ke bi ta fice, daga sama ake ganinsu, kuma Google Earth yana nuna su tare da ma'aunin nisa.

A yi hattara da abubuwa biyu. Akan juya hoto dama ta koma hagu wajen bugawa, kuma rubutun jikin rokar ne ke tona wannan. Na biyu, kusan duk "hoton" tauraro yana shawagi a sama da fukafukansa a buɗe zanen kwamfuta ne. Zanen da kamfanin da ya ƙera ya fitar yana da amfani wajen sanin yadda fukafukan ke buɗewa, amma a 'yan shekarun nan an samu ƙarin hotunan da na'ura ke ƙagowa, masu kyan gani da sassan da babu su. Hoton gaskiya na tauraro shi ne na ɗakin haɗawa, inda ma'aikata ke sanye da fararen riguna da huluna, fukafukan a naɗe. A ganina hoton da ba a san wanda ya ɗauka da shekarar da aka ɗauka ba, bai cancanci a yanka ko kwali saboda shi ba.

Ta fuskar samuwa, NASA ta Amurka ta fi kowa sakin hannu, yawancin hotunanta ba su da haƙƙin mallaka, shi ya sa suka cika ko'ina har suke jan mai nema zuwa rokar da ba tasa ba. Hotunan SSTL da na kamfanonin dillancin labarai suna da masu su. A yi awo da su a ɗaki, amma in za a buga su a mujalla ko a kafa a wurin baje koli, a nemi izini. Haka wanda ke Abuja yake son ƙara faifan tashar ƙasa a samfurinsa, ya rubuta takarda ta hannun sashensa kafin ya ɗaga kyamara.

Tauraro da roka ba sa zama a ma'auni ɗaya. NigeriaSat-1 akwati ne mai kimanin santimita 60 kowane gefe, a ɗaya bisa ɗari bai wuce ƙwayar wake ba, don haka a gina shi daban, ɗaya bisa biyar, a rubuta ma'aunin kowanne da Hausa a ƙarƙashinsa. Wanda kuma lissafi ke ba tsoro yana iya farawa da NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga aikinsa, aka kai shi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a kan Falcon 9 a Yuni 2017. Santimita 10 ne kowane gefe, ana gina shi daidai girmansa da kwalin sabulu.