Uwargida da Kiwon Aku

 

Yau hirarmu a kan aku ce. Sau da yawa maigida ne zai gan shi a kasuwa ya yi sha'awa, ya shigo da shi a keji, gari na wayewa ya fice nema. Wa aka bar wa aiki? Ke ce, uwargida. To, gara ki san abin da aka ɗora miki.

Akun da muka fi sani shi ne mai ruwan toka da jar wutsiya. Ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Gidansa kurmi, can Kamaru da Gabon da Kongo da kudancin Nijeriya, inda yake yawo cikin garke. Wayonsa kuwa ba tatsuniya ba ce, ko da yake mun fara jin sa a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a 1937. A Amurka, wata masaniya, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana nazarin wani aku mai suna Alex. Kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi fiye da 100, yana kuma bambance launuka. Saboda haka ki iya bakinki a gabansa. Abin da ake yawan faɗa a tsakar gida shi zai ɗauka, kuma ranar da surukarki ta zo, ranar zai biya karatunsa.

Abu na farko, aku yakan yi shekara 40 har zuwa 60 in ya sami kulawa. Wanda aka kawo miki kina amarya zai iya ganin jikokinki. Kuma ba ya jure kaɗaici. In aka rataye shi bayan ɗaki babu mai kula shi, sai ya dinga figar gashin ƙirjinsa har ya zama tsirara. Ki ajiye shi inda zai riƙa ganinki kina harkokinki, ki yi masa magana, ki ba shi reshen itace ya gwagwiya. Kejin ya zama yana iya buɗe fukafukansa ba su taɓa ƙarfe ba. Da dare ki rufa masa zane ya yi barcin awa 10, musamman da hunturu, don bai saba da wannan sanyi da ƙura ba.

Sai abinci. Mu dai gyaɗa muka sani, alhali gyaɗa zalla mai take tara masa, wadda ta yi funfuna kuwa tana lalata hanta. Ki haɗa masa da gero da dawa da ɗanyar masara, da gwanda, gwaiba, mangwaro, karas da ganye. Yana son kwakwar manja, don ita ce cimarsa a daji. Ruwa kuma a sake kullum. Kada a ba shi fiya, ko cakulan, ko goro, ko shayi da gahawa, ko abu mai gishiri. Ki ja wa yara kunne, don su ne masu cusa masa duk abin da ke hannunsu.

Ga inda muka fi yin kuskure: hayaƙi. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, yana da wasu jakunkunan iska a jiki, shi ya sa abin da ke cikin iska yake saurin kama shi. Turaren wutar da muke so, igiyar leko, fesa maganin sauro, hayaƙin gawayi da na janareto, duk suna iya halaka shi. In za ki turara ɗaki, ki fitar da kejin tukuna, kuma kada ki rataye shi kusa da madafi.

Lafiyarku ma abin dubawa ce. Akwai zazzaɓin da mutum ke ɗauka in ya shaƙi ƙurar busasshen kashin aku ko na tantabara. Yakan zo da ciwon kai da tari, wani lokaci ya sauka a huhu. Kafin ki share keji ki yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ki rufe hanci, in kin gama ki wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki. Kada a ba shi abinci baki da baki. In wani ya kwanta da zazzaɓi da tari, ku gaya wa likita akwai tsuntsu a gidan, don cutar tana jin magani in an gano ta da wuri.

Na ƙarshe, 'yar'uwa, aku yana ƙarewa a daji. Kama shi ake yi, da yawa kuma suna mutuwa a hanya kafin su iso kasuwa. Bincike a Ghana ya nuna aƙalla kashi 90 cikin 100 na akun ƙasar sun ɓace tun daga 1992. Shi ya sa a 2016, a taron ƙasashen duniya a Johannesburg, aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. In maigida ya ce zai sayo miki, ki lallashe shi cikin hikima ya kawo tantabara. Tana hayayyafa a gida, ƙwai biyu take yi ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18, ki ci, ki sayar, ki sa a asusu.

Wadda kuma ta riga ta mallaka, ta riƙe amana. Tsuntsun da kika kulle ba shi da hanyar neman ci da sha sai ta hannunki, kuma hakkinsa yana wuyanki.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a gaida yara, a huta lafiya.