Inshorar Lafiya: Neman Likitan Da Zai Karɓi Kati

Tun daga watan Mayu na 2022, lokacin da shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya rattaba hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, shiga tsarin inshorar lafiya ya zama wajibi a kan duk mazaunin Nijeriya. Sai dai ga ɗan kasuwar da ke Agege a Legas ko Sabo a Ibadan, biyan kuɗi da karɓar kati ba su ne wahalar ba. Inda gizo ke saƙar shi ne samun likita na kusa da zai karɓi katin, ya duba majinyaci ba tare da ya nemi kuɗi a hannu ba.

Shirin dai ya samo asali ne daga Doka ta 35 ta 1999, wadda ta kafa tsohuwar hukumar NHIS, amma bai fara aiki ba sai a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, inda aka soma da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Masu sana'ar kansu sun sami ƙofar shiga ta shirin GIFSHIP da aka ƙaddamar a 2020, da kuma shirye-shiryen jihohi, irin su Ilera Eko na Jihar Legas da hukumar KSCHMA ta Jihar Kano.

Bisa tsarin, mai rajista zai zaɓi asibiti guda daga cikin waɗanda hukumar ta tantance, ya zama asibitinsa na farko. A can zai riƙa ganin likita kan zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, awon ciki da makamantansu. Idan ciwo ya buƙaci ƙwararren likita ko tiyata, wannan asibitin ne zai tura shi gaba, bayan ya sami lambar izini daga kamfanin da ke kula da biyan kuɗin, wanda ake kira HMO. Wanda ya tsallake asibitinsa ya nufi wani, katinsa ba zai yi masa amfani ba sai in larurar ta gaggawa ce.

Dalilin da ya sa asibitoci masu zaman kansu da yawa ke ɗari-ɗari da masu kati, na lissafi ne. Ana biyan asibitin farko wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo jinya ko bai zo ba. A farkon shirin kuɗin naira 550 ne, aka ɗaga shi zuwa naira 750 a 2012, ya kuma tsaya a nan fiye da shekara goma, alhali darajar naira na faɗuwa, farashin magani da man janareta na hawa. Asibitin da ke da dubban masu rajista zai iya cike giɓin marasa lafiya da kuɗin masu lafiya, amma ƙaramin asibitin unguwa mai mutum ɗari ko ɗari biyu, majinyata ƙalilan sun isa su cinye kuɗin watan. Ga kuma jinkirin biya daga wasu kamfanonin HMO. Abin da ke biyo baya shi ne a ce wa mai kati magani ya ƙare, ya je ya saya a kemis.

Hukumar ta ɗauki matakan gyara. A 2024 ta ƙara kuɗin da kashi 60 cikin 100, sannan daga Afrilun 2025 ya koma naira 1,450, tare da umurnin cewa kamfanonin HMO su ba da lambar izini cikin awa guda.

Duk da haka, nauyin zaɓi yana wuyan mai rajista, kuma ya fi kyau ya yi shi tun yana da lafiya. Jerin asibitocin da aka tantance yana ofisoshin hukumar na jihohi da wurin kamfanonin HMO, amma ganin suna a takarda bai wadatar ba. Ya dace mutum ya taka da ƙafarsa, ya tambaya ko likita na zama kullum har da dare, ko akwai ɗakin magani da na gwaji a cikin asibitin, ko kuma suna aiki da kamfanin da ya ba shi kati. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas ya tambayi abin da katin zai yi masa a wata jiha, domin shirye-shiryen jihohi galibi da asibitocin cikin jiharsu suke aiki.

A shirin ma'aikata na tarayya, abin da majinyaci ke biya daga aljihunsa shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa. Wanda aka nemi ya biya fiye da ƙa'ida yana da damar kai ƙara ofishin hukumar, haka kuma yana iya sauya asibiti bayan wata shida.

Ga mai shago ko masana'anta da ke shirin yi wa yaransa rajista, asibitin da ke kusa da wurin aiki ya fi mai suna da ke can nesa, domin duk ranar da yaro ya ɓata a hanya da layin ganin likita, ciniki ne ya tsaya.