'Karkata', 'Kife' da 'Nutse': Aikatan Haɗarin Kwale-kwale a Ruwan Ikorodu

1.0 Gabatarwa

Hausawan Ikko da harka ke kaiwa Ikorodu sukan ga masunta sun kafa sanda a cikin kwale-kwale, sun ɗaura mata ƙyalle ko ɗinkakkun buhuna, iska na tura su. A wannan ruwa ne jirgin fasinja ya yi haɗari kusa da Majidun a watan Afrilun 2014, aka yi asarar rayuka. Wannan maƙala za ta dubi aikatau uku da masu ba da irin wannan labari ke cakuɗawa, alhali kowane na nuna mataki dabam.

2.0 Karkata da Kife

Dubi waɗannan jimloli:

(1) Kwale-kwale ya karkata.
(2) Kwale-kwale ya kife.

A rabon Parsons (1960), 'karkata' na giredi na 3 ne, 'kife' kuwa na giredi na 4, mai nuna aiki ya kai matuƙa. Ma'anar ta dace da abin da ke faruwa a ruwa. Idan iska ta bugi ƙyallen, takan kwantar da jirgin gefe guda. Ɓangaren da ya shiga ruwa kuma sai ruwan ya tunkuɗo shi sama. Muddin nauyi na ƙasa, jirgin kuma na da faɗi, zai miƙe. Wannan shi ne (1). Amma in sandar ta cika tsawo, ko an tula kaya, ko mutane sun miƙe tsaye don firgita, sai nauyi ya rinjayi tunkuɗar ruwa. Mafi muni shi ne ruwan da ya taru a ciki, domin duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara, ya ƙara danne shi. Daga nan sai (2).

3.0 Nutse

'Nutse' shi ma giredi na 4 ne, sai dai ba ya nufin juyewa. Jirgi kan nutse a zaune idan ya tsage ko ya cika da ruwa. Bambancin ba na nahawu kaɗai ba ne. Kwale-kwalen katako maras nauyi da ya kife yakan ci gaba da yawo a saman ruwa, wanda ya riƙe shi kuma na iya tsira har a kawo ɗauki. A ganinmu, mai fassara gargaɗi ga fasinjoji da ya sa 'nutse' a gurbin 'kife' ya koya musu sakin abin da zai cece su.