Ciwon Da Jiki Ke Yaƙar Kansa

Allah Ya halicci ɗan Adam da dakarun tsaro a cikin jininsa, waɗanda aikinsu shi ne hallaka duk ƙwayar cutar da ta kutsa jiki. Amma akwai lokacin da dakarun nan kan rikice, su juya kan mai gidansu. Likitoci sun ƙidaya cututtuka fiye da 80 na irin wannan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi addabar jama'a shi ne amosanin gaɓoɓi mai kumburi, wanda mutanenmu kan haɗa shi da sauran ciwon gaɓoɓi su ce sanyin ƙashi.

Wannan ciwo ya fi kama mata. Alamarsa ita ce yatsu da wuyan hannu su kumbura dama da hagu, mutum ya tashi da safe gaɓoɓinsa a sage har tsawon awa guda ko fiye. In aka yi sakaci, sai ya cinye guringuntsi da ƙashi, yatsu su karkace, kuma abin da ya karkace ba ya komawa daidai.

A da, likita ba shi da abin dogara sai idonsa. A shekarar 1940 wani likita a ƙasar Norway, Erik Waaler, ya bayyana wata alama da ake samu a jinin yawancin masu ciwon. Wajen shekarar 2000 kuma masana a ƙasar Holan suka fito da gwajin jini mai suna anti-CCP, wanda ke iya nuna ciwon tun kafin gaɓoɓi su lalace.

Ta fuskar magani, a 1948 Dokta Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya yi wa wata mata da ta kasa tashi allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Sai dai daga baya aka gane cewa yawan amfani da shi na jawo ciwon sukari, hawan jini da raunin ƙashi. A 1988 hukumomin Amurka suka amince da methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako, shi ne kuwa ginshiƙin magani har yau. Sau da yawa akan haɗa shi da hydroxychloroquine, watau ɗan'uwan kulorokwin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro. Bayan haka, a farkon shekarun 1990, Ravinder Maini da Marc Feldmann a Landan suka nuna cewa in aka toshe wani sinadari mai suna TNF, wanda ke rura wutar kumburi, ciwon yakan lafa. Irin waɗannan allurai suna da tsada, kuma wajibi ne a auna mutum tarin fuka kafin a fara masa, domin suna iya tayar da wanda ya kwanta a jiki.

To, duk wannan nasara ba ta da amfani ga wanda ya zo a makare. Don haka muna kira ga jama'a, wanda gaɓoɓinsa suka yi makonni suna kumburi, ya nufi asibiti, ya guji sayen ƙwayoyi irin su prednisolone a kemis ba da izinin likita ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.