Hanyoyin Da Aka Haramta Wa Mota: Yadda Ake Zaga Ƙauyukan Faransa A Kan Keke

Daga Wakilinmu

Duk wanda aka ambata masa keke da ƙasar Faransa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne babban tseren nan da ake kira Tour de France, wanda aka fara a 1903, inda ƙarfafan samari ke kwashe mako uku suna hawa da gangara cikin duwatsu. Amma akwai wani hawan keken a ƙasar wanda ba a ba da kyauta dominsa, ba a kuma nuna shi a talabijin. Shi ne na magidanci da iyalinsa, da ɗalibin da ya sami hutu, da ma'aikacin da ya yi ritaya, waɗanda kan ɗaura 'yan kayansu a kariya su yi kwana da kwanaki suna bin ƙauyuka, ba tare da mota ta hura musu ƙaho ko sau ɗaya ba.

Wannan shiru da matafiyan ke samu ba haka kawai ya zo ba. Doka ce ta tanade shi, ƙananan hukumomi kuma suka kashe kuɗi a kansa. Abin sha'awar shi ne, yawancin hanyoyin ba sababbi ba ne. Tsofaffin abubuwa ne da zamani ya yar, aka tsince su aka karkaɗe.

Koriyar Hanya

Faransawa na kiran irin wannan turba voie verte, watau koriyar hanya. A 2004 aka shigar da sunan cikin dokar hanya ta ƙasar, aka bayyana ta da cewa hanya ce da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa da ababen hawa marasa inji. Galibi faɗinta kimanin mita 3 ne, an shimfiɗa mata kwalta ko tsakuwar da aka daddaɓe, kuma a inda ta haɗu da titi akan kafa turaku don kada mota ta kutso. Mai keke, da mai tura keken jariri, da naƙasasshe a kekensa, duk hakkinsu ɗaya a kanta.

Sha'awar yawon keke kuwa ta daɗe a ƙasar. Wani ɗan kasuwa na birnin Saint-Étienne mai suna Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, shi ake ɗauka uban wannan al'ada, don tun ƙarshen ƙarni na 19 yake rubutu a mujallarsa yana kwaɗaita wa mutane su fita su ga ƙasarsu a kan keke. A 1930 jirgin ƙasa na cikin gari ya buge shi, ya rasu. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba kowane ma'aikaci hutun mako 2 da albashinsa, sai ga leburori da akawuna sun cika hanyoyin karkara a kan kekuna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta yawaita, ta mamaye titunan, har ya zama uba ba ya iya sakin ɗansa a bakin hanya da kwanciyar hankali.

Inda Jirgi Ya Daina Bi

Maganin ya fito ne daga layin dogo. A ƙarshen ƙarni na 19 Faransa ta shimfiɗa ƙananan layuka har cikin lungunan karkara, amma da motocin haya da na dako suka ƙwace fasinja da kaya, sai aka rufe dubban kilomita daga cikinsu. Aka cire ƙarafa, ciyawa ta rufe wurin, tashoshi suka zama kango.

A 1997 hukumar yankin Saône-et-Loire a lardin Burgundi ta buɗe wa kekuna tsohon layin da ke tsakanin garuruwan Givry da Cluny, mai tsawon kilomita 44. Ana lissafa ta cikin na farko-farko a ƙasar, kuma ita ce sauran yankuna suka yi koyi da ita. Dalilin nasararta a fili yake. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, saboda haka injiniyoyin da suka riga sun yanke tuddai, sun cike kwaruruka, sun gina gadoji. Mai keke ya gaji duk wannan aiki a ɓagas. Hanyar ta ratsa gonakin inabi da makiyayar fararen shanu. Kudu da Cluny akwai wani rami da aka fasa cikin dutse, mai suna Bois Clair, tsawonsa kilomita 1.6. A lokacin sanyi akan rufe shi, domin jemagu na kwanciya a ciki, doka kuwa ta hana a dame su.

Turbar Dawaki

Tushe na biyu shi ne hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu, waɗanda ake kira kanal. Mafi shahara ita ce Canal du Midi a kudancin ƙasar, wadda ta tashi daga birnin Tulus ta nufi Bahar Rum, tsawonta kilomita 240. Wani mai karɓar harajin gishiri, Pierre-Paul Riquet, shi ya shawo kan Sarki Luwi na 14 ya ba da izini a 1666. Ma'aikata kusan 12,000, har da mata, suka yi aikin da diga da shebur. Riquet ya zuba dukiyarsa a ciki, ya rasu a 1680 da bashi a wuyansa, saura 'yan watanni a buɗe ta a 1681. A 1856 aka kammala ta biyu, Canal de Garonne, mai tsawon kilomita 193, wadda ta nufi wajen birnin Bordo, don jirgin dako ya iya ratsawa daga Bahar Rum zuwa Tekun Atlantika.

A wancan zamani jiragen ba su da inji. Dawaki ne ke jansu da igiya daga bakin gaɓa, don haka kowace kanal tana da siririyar turba a gefenta. Da jirgin ƙasa ya zo, sannan babbar mota, fataucin ruwa ya mutu, amma turbar dawakin tana nan. Ita ce aka gyara wa kekuna. Tun da yake ruwan kanal a kwance yake, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Ba a jin ɗan tudu sai a wuraren da aka gina ƙofofin da ke ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani mataki zuwa wani. Canal de Garonne kaɗai tana da irin waɗannan 53, kuma da yawa daga gidajen masu gadinsu an mai da su wuraren cin abinci da masauki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Gaɓar Kogin Luwar

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tara baƙi ita ce hanyar da ke bin kogin Luwar, kogi mafi tsawo a Faransa. Larduna biyu ne suka haɗa kai a kanta a 1995, aka buɗe ɓangaren farko a 2005, aka kammala a 2012. Tsawonta kimanin kilomita 900 ne, daga kusa da Nevers har bakin teku, kuma yanki ce ta wata doguwar hanya da ta ratsa Turai har Bahar Aswad. Tana wucewa ta Orléans, Blois, Tours da Nantes, kusa da fadodin sarakunan da, irin su Chambord da aka fara ginawa a 1519, da Amboise, garin da Leonardo da Vinci ya rasu a wannan shekarar.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba duk tsawon wannan hanya aka hana wa mota ba. Wasu ɓangarorin ƙananan titunan ƙauye ne da ba a cika bi ba, inda mai keke kan haɗu da tarakta ko motar mai kai wasiƙu. Wanda ke tafe da yara ƙanana ya fi dacewa ya zaɓi gefen kanal ko tsohon layin dogo.

Yadda Ake Tafiyar

Ba a bukatar ƙarfin ɗan tsere. Mai matsakaicin ƙarfi kan yi kilomita 40 zuwa 60 a yini, ya tsaya ya sayi burodi da cuku a ƙauye, ya huta a inuwa da azahar, ya isa masauki kafin faɗuwar rana. Guzurinsa ruwa ne, da famfo, da kayan faci, da rigar ruwa. Akwai wata alama ta ƙasa mai suna Accueil Vélo da ake liƙawa a otal, ko filin kafa tanti, ko shagon gyara, muddin bai wuce kilomita 5 daga hanyar ba, kuma ya tanadi wurin ajiye keke da kayan gyara. Wanda bai zo da nasa ba yana iya haya a wannan gari ya mayar a wancan, ya komo a jirgin ƙasa. Tun 2017 doka ta wajabta wa yaron da bai kai shekara 12 ba sanya hular kwano. Keke mai batir, wanda injinsa ke daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa, ya sa tsofaffi da dama sun komo kan sirdi.

Ribar Ƙauye Da Matsalolinsa

Shekara da shekaru ƙauyukan Faransa na fama da ƙaurar samari zuwa birni, ana rufe gidan burodi, da gidan waya, da makaranta. Mai mota kan sha mai a babbar hanya ya wuce ƙauye goma bai tsaya ba. Mai keke kuwa ba shi da wannan dama: yunwa za ta kama shi kowane 'yan sa'o'i, dare zai riske shi a inda ƙafarsa ta gaji, kuma ba ya iya ɗaukar abincin mako guda. Dole ya kashe kuɗinsa a ƙauyen da ya tarar. Wannan ne ya sa shugabannin ƙananan hukumomi ke rububin a biyo da hanyar ta garinsu.

Duk da haka akwai ƙorafi. Ƙungiyoyin fasinjoji na cewa da zarar an zuba kwalta a tsohon layi, da wuya jirgi ya sake dawowa, alhali mutumin ƙauye ya fi bukatar jirgin zuwa aiki da asibiti fiye da baƙon rani. Cinikin ma na 'yan watanni ne. Da sanyi ya shigo sai hanyar ta zama wayam.

Babban abin baƙin ciki kuwa ya auka wa Canal du Midi, wadda Hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 1996. Ƙawarta ita ce manyan itatuwan platan kusan 42,000 da suka yi mata rumfa hagu da dama. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu wadda ba ta da magani, tana bin ruwa tana shiga ta raunin da jirage da igiyoyinsu ke ji wa saiwa. Itacen da ya kamu sai a sare a ƙone. An riga an sare fiye da rabi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasar na dasa waɗansu iri dabam-dabam, don kada cuta guda ta sake cinye su gaba ɗaya, amma za a yi shekaru masu yawa kafin inuwar ta dawo.

Waɗanda ke dashen sun san da yawansu ba za su zauna a ƙarƙashin itatuwan ba, kamar yadda Riquet bai ga jirgi ya ratsa kanal ɗinsa ba. Kafin nan, masu keke na ci gaba da wucewa ta gefen 'yan tsirran da aka tokare da sanduna, sannu sannu, wadda aka ce kwana nesa.