The Babadook: Dodon Da Ya Raba Masu Sharhi Da 'Yan Kallo

A watan Janairun 2014, a bikin baje kolin fina-finai na Sundance da ke Amurka, wata 'yar Ostareliya mai suna Jennifer Kent ta nuna cikakken fim ɗinta na farko, The Babadook. Kuɗin da aka kashe masa bai wuce dala miliyan 2 ba, aka kuma ɗauke shi a birnin Adelaide.

Labarin na wata bazawara ce, Amelia, wadda Essie Davis ta fito a matsayinta. Mijinta ya rasu a haɗarin mota yana hanyar kai ta asibiti haihuwa, don haka ranar da ɗanta Samuel ya zo duniya ita ce ranar da ta yi rashi. Shekara shida ta yi ba ta son ko a ambaci sunan mamacin. Wata rana yaron ya ɗauko wani littafi mai hoton dodo, da doguwar hula da zaƙo-zaƙon farce, ya ce ta karanta masa. Daga ranar barci ya ƙaurace wa gidan.

Masu sharhi sun yi wa fim ɗin ruwan yabo. William Friedkin, wanda ya ba da umarnin The Exorcist a 1973, ya ce bai taɓa ganin fim mai ban tsoro kamarsa ba. Mark Kermode na Ingila ya zaɓe shi gwarzon fim ɗinsa na shekarar, ƙungiyar masu sharhi ta New York kuma ta ba Kent kyautar fim ɗin farko mafi inganci. Sai dai a gida Ostareliya gidajen sinima kaɗan ne suka haska shi, kasuwarsa ba ta buɗe ba sai da ya tsallaka Turai.

'Yan kallo da yawa kuwa sun fito suna gunaguni. Wasu sun ce yaron ya cika ihu da fitina, wasu suka ce sun biya kuɗi don ganin dodo, ga shi da ƙyar aka hango shi. Abin mamaki, waɗannan su ne abubuwan da masu sharhi suka yaba. A ganinsu, ihun Samuel da gangan aka sa shi, domin mai kallo ya ɗanɗani gajiyar uwar da ke reno ita kaɗai, har ya fahimci yadda take son ɗanta alhali ganinsa na fama mata ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Kent kuma ta zaunar da mu cikin ɗakin ne. Dodon, a wannan fassarar, baƙin cikin da Amelia ta danne ne, wanda yake ƙara girma duk lokacin da ta musanta shi.

Irin wannan saɓani ya sake faruwa a 2018 da fim ɗin Hereditary na Ari Aster, shi ma kan iyalin da ke makoki: masu sharhi suka yaba, 'yan kallon da kamfanin CinemaScore ya tambaya suka ba shi maki D+. Wanda ya zo neman abin da zai razana shi na ɗan lokaci, aka ɗora masa nauyin da zai bi shi har gida, dole ya ji an yaudare shi.

Ƙarshen The Babadook shi ya fi jawo muhawara, domin ba a kashe dodon ba. Amelia ta tsaya ta daka masa tsawa, ya gudu ɗakin ƙasa inda kayan mijinta suke. Daga nan ta riƙa kai masa tsutsotsin da aka tono a lambu, ta lallashe shi, ta fito ta rufe ƙofa. A wannan shekarar ce ta fara yi wa Samuel bikin zagayowar haihuwarsa a ainihin ranar.