Gansakuka: Suna Ɗaya, Dangi Daban-daban

Idan damina ta yi nisa, kududdufan bayan gari sukan sauya launi. Ruwan da ya kwanta ja-ja saboda laka a farkon damina, kafin kaka ya koma kore shar, kamar an kaɗa garin kuka a ciki. Haka ma gindin randa, da bakin rijiya, da bangon makewayi. Wannan koren abu mai santsi, wanda ya sha kayar da masu ɗebo ruwa, suna ɗaya Bahaushe ya ba shi: gansakuka.

Amma in aka ɗiga wannan ruwa a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu, sai a tarar da gari guda cike da jama'a. Ga masu siffar ƙwallo, ga masu kama da zare, ga masu iyo da 'yar bulala, ga kuma waɗanda ke zaune cikin akwatin gilas. Masana sun riga sun raɗa wa nau'o'i sama da 50,000 suna, na ruwan daɗi da na teku da na cikin ƙasa, kuma duk shekara ana ƙara samo sababbi. Abin da binciken 'yan shekarun nan ya fito da shi fili shi ne, da yawa daga cikin mazauna wannan gari maƙwabta ne kawai, ba su haɗa kaka ba.

Lokacin da ido ne alƙali

A shekarar 1674, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba da madubin da ya ƙera da hannunsa. Ya ga koren zare mai murɗaɗɗen layi a ciki, wanda masana da dama ke ganin shi ne Spirogyra, wadda ɗaliban sakandare ke zanawa a darasin kimiyyar halittu har yau. A 1753, Carl Linnaeus na Suwidin ya jera tsirran duniya, ya tura gansakuka cikin rukunin marasa fure. Daga nan aka shafe shekaru sama da ɗari biyu ana raba ta da abin da ido ya gani: launi, da siffa, da yawan bulala.

Matsalar wannan hanya ta fi bayyana a kan Chlorella. A 1890, Martinus Beijerinck, shi ma a Delft, ya ware wata 'yar koriyar ƙwallo daga ruwan kududdufi, ya rene ta ita kaɗai a cikin kwalba, ya kira ta Chlorella vulgaris. Ƙanƙantarta ta kai sai an jera ɗari ko fiye kafin su cika milimita ɗaya. Ba ta da bulala, ba ta da ƙaho, ba ta da wata alama. Saboda haka duk wanda ya tsinci ƙaramar koriyar ƙwallo a ruwa ko a ƙasa, sai ya ce ga wata Chlorella. Sunan ya zama kamar zauren baƙi.

Da aka fara karanta ƙwayoyin gado na DNA a ƙarshen ƙarni na 20, sai asiri ya tonu. Waɗanda ake kira da suna ɗaya ashe sun fito ne daga zuriya biyu da suka rabu tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Dole aka kwashe da yawa aka sauya musu suna, kamar wadda aka daɗe ana kira Chlorella zofingiensis, yanzu ta koma Chromochloris. Kama da wane, ba wane ba ne.

To me ya sa suka yi kama haka? Wurin zama ne ya tilasta musu. Wanda ya ga ayari a Sahara zai ga Buzu da Tubu da Balarabe duk sun naɗe fuska da rawani, don rana da ƙura iri ɗaya ke dukansu. Haka halittar da ke rayuwa tsakanin ƙwayoyin yashi, yau jiƙa gobe bushewa, babu siffar da ta fi mata kamar ta dunƙule ta yi kaurin fata. Zuriyoyi daban-daban sun iso wannan siffa, kowace ta hanyarta.

Baƙon da ya zama ɗan gida

Mafi tsufa a cikin masu amsa sunan gansakuka su ne masu launin shuɗi-kore, waɗanda ake kira sayanobakteriya. A gaskiya bakteriya ne, ba tsirrai ba. Su suka fara haɗa abinci daga hasken rana da ruwa suna fitar da iskar oksijin, kuma aikinsu ne ya fara tara wannan iska a sararin duniya kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce.

Daga baya, fiye da shekara biliyan ɗaya baya, wata ƙwayar halitta ta haɗiye ɗaya daga cikinsu, amma ba ta narkar da ita ba. Wadda aka haɗiye ta ci gaba da girki a ciki, mai masauki tana ci, ita kuma tana samun mafaka. A hankali baƙuwa ta zama murhun gidan, wanda masana ke kira kuloroplas. Wani ɗan Rasha, Konstantin Mereschkowski, ya kawo wannan tunani a 1905, aka yi watsi da shi. Lynn Margulis ta Amurka ta farfaɗo da shi a 1967, bayan mujallu da dama sun ƙi buga maƙalarta. Hujjar da ta kashe gardama ita ce, kuloroplas yana da nasa DNA, kuma irin na sayanobakteriya ne. Duk koren da ke ganyen zogale ko na dawa, jikan wannan baƙuwa ne.

Daga wannan haɗuwa koriyar gansakuka ta fito, ta kuma rabu gida biyu. Gida ɗaya shi ne na Chlorella da Chlamydomonas da Volvox. Ɗaya gidan kuma, wanda ya zauna a ruwan daɗi da damshin ƙasa, shi ya haifi tsirran tudu kimanin shekara miliyan 470 da suka shige. Binciken DNA ya nuna dangin Spirogyra ne suka fi kowa kusa da tsirran tudu. Wani nazari da mujallar Cell ta buga a 2019 ya gano cewa kakanninsu sun samo wasu ƙwayoyin gado daga bakteriyar ƙasa, waɗanda ke taimakawa wajen jure fari. Ke nan koren zaren da ke yawo a kududdufi ya fi kusa da gero da bishiyar kuka a kan yadda yake kusa da Chlorella da suke kwana ruwa ɗaya.

Haɗiyar ba ta tsaya nan ba. Wasu halittun sun haɗiye gansakuka sukutum, suka gaji murhunta. Euglena, koriya mai iyo da bulala, haka ta samu nata, alhali danginta na jini su ne ƙwayoyin da ƙudan tsando ke yaɗawa, masu jawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Ita kuwa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, a 1996 aka tabbatar tana ɗauke da ragowar kuloroplas a cikinta, gadon kakanni masu cin hasken rana. Ya daina girki da haske, amma ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi, shi ya sa masu neman magani suka sa masa ido.

Miyar Kanem da ɓawon ƙasar Sahel

A yankin Kanem, arewa maso gabashin Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa. Matan Kanembu sukan shiga su kwashi koren da ke saman ruwa, su zuba a 'yan ramukan da suka fafe cikin yashi. Ruwa ya tsane, rana ta busar, sai a yanka gutsure-gutsure a kai kasuwa. Sunansa dihe, ana yin miya da shi a ci da tuwon gero. Fiye da rabin nauyinsa busasshe sinadarin gina jiki ne.

Masanin Faransa Pierre Dangeard ya yi bayaninsa a 1940, daga samfurin da aka samo a kasuwar Massakory. Jean Léonard na Beljiyam ya sake cin karo da shi a kasuwannin Chadi a tafiyarsa ta 1964 zuwa 1965, daga nan duniya ta farga. Yau ana noma shi a Amurka da Sin da Indiya, ana sayarwa da sunan Spirulina. Sai dai masana sun nuna ba Spirulina ta ainihi ba ce, suka mayar da ita Arthrospira, sannan a 2019 aka ba da shawarar sabon suna, Limnospira. Matan Kanem kuwa dihe suka sani tun kaka da kakanni.

Tantance suna ba aikin banza ba ne. Dihe da wata da ake kira Microcystis duk sayanobakteriya ne, duk suna mayar da ruwa kore, amma ta biyun tana fitar da guba mai lalata hanta. A 2020 giwaye sama da 300 sun mutu a arewacin Botswana, hukumomin ƙasar kuma suka danganta abin da gubar irin waɗannan halittu a wuraren shan ruwa. Makiyayin da ke shayar da garke a ragowar tafki cikin bazara yana da ruwa da tsaki a wannan ilimi.

A tudu ma suna nan. Wanda ya ratsa saura ko fako a Sahel zai ga wani baƙin ɓawo siriri a saman ƙasa, ya zaci datti ne. Rayayye ne. Masanin ƙasa ɗan Nijar, Oumarou Malam Issa, da abokan aikinsa sun yi nazarinsa a yammacin Nijar tun shekarun 1990, suka nuna yadda zaren sayanobakteriya ke saƙe ƙwayoyin yashi, yana manne su da wani abu mai yauƙi, har iska da ruwa su kasa kwashe su cikin sauƙi. Wasu nau'o'in suna jawo naitirojin daga iska su zuba a ƙasa, taki ba da kuɗi ba. Ɓawon yakan bushe ƙamas tsawon rani, ruwan farko na sauka ya farfaɗo. Kofaton dabbobi da fartanya suna farfasa shi, kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya koma yadda yake.

Ƙurar hunturu

Saura masu akwatin gilas, wato dayatom. Kowace ƙwaya tana gina wa kanta kwanso da sinadarin silika, biyu a kife kamar kwano da murfi, da zane mai kyau kamar na ƙwaryar da aka yi wa ado. Murhunsu daga wata jar gansakuka da kakanninsu suka haɗiye suka gaje shi. In sun mutu, kwanson ba ya ruɓewa, sai ya nutse ya taru a ƙasan ruwa.

Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya mamaye faɗin da ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Da ya janye, ya bar farar ƙasa marar nauyi, tarin kwanson dayatom, a kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Irin wannan farar ƙasa tana nan a Bularafa ta Jihar Yobe. A Bodele, iska tana kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta daki wannan fili, ta tayar da ƙurar da ta sa ake lissafa wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya.

Wani ɓangare na ƙurar yana tsallaka Tekun Atlantika. Binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara na sauka a dajin Amazon duk shekara, ɗauke da tan 22,000 na fosfaras, takin da dajin ke buƙata. Wani ɓangaren kuma ba ya yin nisa haka. Shi ne hazon da ke rufe Zinder da Kano da Maiduguri daga Disamba zuwa Fabrairu, ya hana jirage sauka, ya kwanta a kan gonaki da tagogi da gashin ido. A cikin farar ƙurar da ake sharewa daga kan tabarma da safiyar hunturu, akwai ɓarɓashin kwanson gansakukar da ta yi iyo a tsohon Tafkin Chadi.